Magarya da Dungas: Darasin Fizik Daga Bakin Rijiya Zuwa Cikin Aji

Duk wanda ya ratsa fadamun Korama da rani, a wajajen Bande ko Waca, zai tarar da masu garka suna ban ruwa tun da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Inda injin bai kai ba, guga da igiya ne ke aiki, wani wurin kuma jigo, wanda kakanni suka bari gado: doguwar sanda an ɗora ta bisa gwafa, guga a kai ɗaya, dutse ko curin laka a ɗaya kan. Yaron da ya tashi a wannan wuri ya san cewa idan aka matsar da dutsen baya kaɗan, cikakken guga zai taso ba da wahala ba. Hannunsa ne ya koya masa, tun bai iya karatu ba.

Yaron nan kuwa shi ne ke zaune a kwalej da hantsi, mushe yana rubuta masa dokar daidaiton sanda a bisa allo da Faransanci, da haruffa da alamomi. Ya kwafe, ya haddace, ya mayar ranar jarrabawa, ba tare da ya gane cewa abin da ke kan allon jigon gidansu ne ba. Wannan rata da ke tsakanin abin da yaro ya sani da abin da ake karanta masa ita ce ke sa ƴan lakwal da yawa su ɗauki fizik, wato ilimin da ke bayanin motsi da nauyi da zafi da haske da wutar lantarki, a matsayin dodo. Batun ya shafi ƙasa baki ɗaya, amma a Magarya da Dungas yana da nauyi na musamman.

Ƙasa mai jama'a, mai yara

Garin Magarya yana wajen kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Dungas a dā tana cikin gundumar Magarya. A shekarar 2011 ne aka ware ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomin Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, fiye da 350,000 kuma a ta Dungas, wato sama da 900,000 idan aka haɗa. Yankin yana cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a karkarar Nijar, kuma yara da matasa su ne mafi rinjaye.

Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, ta yadda gero da gyaɗa da rake ba za su iya riƙe dukkan ƴaƴan gida ba. Saboda haka ne samari ke tafiya cin rani Kano da sauran garuruwan Najeriya da zarar an kai amfani rumbu. A ɗaya ɓangaren kuma, ayyukan da ke buƙatar sanin fizik sai ƙaruwa suke yi: injinan ban ruwa a garake, babura a kowane ƙauye, farantan zuƙar hasken rana da ake cajin wayar salula da su a kasuwanni, famfunan burtsatse, firjin ajiye allurar rigakafi a gidajen likita. Matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a 2011, an kuma kafa Jami'ar Damagaram a 2010. Dukkan waɗannan wurare suna neman masu gyara da masu awo da injiniyoyi. Idan makarantun yankin ba su fitar da su ba, tilas a nemo su daga nesa, ƴaƴan ƙasa kuma su tsaya kallo.

A lise ana raba ɗalibai zuwa sassa: A na adabi da harsuna, D na ilimin halittu, C kuma na lissafi da fizik. Sashen C shi ne ya fi kowane ƙarancin ɗalibai a ƙasar. Yaro ba ya gudun wannan sashe ranar da aka ba shi takardar zaɓi. Tun yana kwalej, kafin jarrabawar BEPC, zuciyarsa ta riga ta yanke cewa fizik ba nasa ba ne. Wurin da ya kamata a yi gyara ke nan.

Abin da ke kashe wa yaro gwiwa

Na farko shi ne harshe. Ɗalibin da ke magana da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a gida yana fama da kaya biyu a cikin aji, fahimtar Faransanci da fahimtar darasin kansa. Idan kalmar ta shige masa duhu, ma'anar ma ta tafi.

Na biyu shi ne rashin kayan gwaji. Kwalejojin karkara da dama ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu azuzuwan ma rumfunan zana ne da ake sake kafawa kowace shekara bayan girbi. Malami ya zana pil da waya da ƙwan fitila a kan allo, ya ce da an haɗa su da fitila ta kama, yara su amsa da "to". Ba su ga ta kama ba, balle su ga abin da ke hana ta kamawa.

Na uku shi ne halin da malamin kansa yake ciki. Da yawa daga cikin masu koyarwa ƴan kwantaragi ne, waɗansunsu su ma a kan allo suka koyi fizik. Ga aji cike da yara, ga tsarin karatu mai tsawo da ake son a gama kafin jarrabawa. Hanya mafi sauri a gare shi ita ce ya yi ta shifta, yara su yi ta rubutu.

Idan aka haɗa waɗannan da nisan tafiya daga ƙauye, da zaman gidan mariƙi, da aikace-aikacen gida da ke jiran ƴan mata, ba abin mamaki ba ne yaro ya tambayi kansa amfanin wahalar. Sha'awar karatu tana tsirowa ne idan ɗalibi ya ga abin da ake koya masa ya shafi rayuwarsa, ya kuma ɗanɗana daɗin gano wani abu da kansa. Wa'azi da bulala ba sa haifar da ita. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ɗakin gwaji a cikin kwando

Abin farin ciki shi ne, yawancin darussan fizik na kwalej ana iya nuna su da kayan da ke zube a gida da kasuwa. Ga waɗansu daga ciki.

Dokar jigo. A ɗora rula a kan fensir ta yadda za ta tsaya daidai. A aza kwabbai biyu iri ɗaya a nisan santimita 5 daga fensirin, a aza kwabo ɗaya a ɗaya gefen. Yara za su yi ta matsar da shi har su gano cewa sai ya kai santimita 10 rular ke daidaita. Daga nan sai su fitar da dokar da bakinsu: nauyi sau nisa a wannan gefe daidai yake da nauyi sau nisa a wancan. Sannan a koma ga jigo: idan cikakken guga kilo 15 ne, yana rataye a nisan mita 3 daga gwafa, dutsen da ke nisan mita 1 sai ya kai wajen kilo 45 kafin ya daidaita shi. Yaron garka zai riga kowa ba da amsa.

Lilo. A ɗaure tsakuwa a zare mai tsawon mita 1, a rataye a ƙusa, a kaɗa ta a hankali. Zuwa da dawowa 10 za su ɗauki wajen daƙiƙa 20 a agogon wayar malami. A canza tsakuwar da wadda ta fi ta nauyi: yara za su rantse cewa lokacin zai canza, su auna, su ga bai canza ba. A rage zaren zuwa santimita 25, sai zuwa da dawowa 10 su koma wajen daƙiƙa 10. Galile, masanin ƙasar Italiya, ya lura da wannan hali na lilo shekaru fiye da 400 da suka wuce, daga baya kuma aka ƙera agogunan bango a kansa.

Tafiyar haske. A huda gindin gwangwanin madara da siririyar ƙusa, a rufe bakinsa da takardar da aka shafa wa mai, a fuskantar da hudar wajen bishiyar gawo da rana ta haska, mai kallo ya lulluɓe kansa da zane. Hoton bishiyar zai fito a kan takardar, kai ƙasa, saiwa sama. Dalili shi ne haske yana tafiya a miƙe: wanda ya taso daga kan bishiya ya bi ta huda ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga gindi ya hau sama. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan a littafinsa na ilimin gani.

Nutsewa da tasowa. Litar ruwa kilo 1 ce, litar man gyaɗa kuwa ba ta wuce giram 920 ba, shi ya sa mai ke hawa kan ruwa. Ƙwai yana nutsewa a ruwan rijiya, amma idan aka yi ta narka gishiri a ciki sai ya taso, domin ruwan ya fi shi nauyi ke nan idan aka gwada su mudu da mudu.

Maganaɗisun lantarki. A naɗe ƙusa da siririyar wayar tagulla mai rufi, irin wadda ake cirowa daga matacciyar rediyo, a haɗa bakunan wayar da pil ɗin tocila mai bolt 1.5. Ƙusar za ta ɗauki allura. A cire waya, ƙarfin ya ragu, allurar ta faɗi; a ƙara naɗi, ƙarfin ya ƙaru. A 1820 ne Orsted na ƙasar Danmak ya gano cewa lantarki yana motsa allurar kamfas, a 1831 kuma Faraday na Ingila, wanda ya fara rayuwa a matsayin yaron mai ɗinkin littattafai, ya nuna cewa motsin maganaɗisu yana haifar da lantarki. A kan waɗannan biyu ne janareta da injin famfo suka dogara.

Iska mai danna ruwa. A cika kofi da ruwa fal, a rufe da kwali, a kifa shi, a saki hannu: ruwan ba zai zube ba, domin iskar da ke kewaye tana danna kwalin daga ƙasa. Wannan dannawa ce ke tura ruwa cikin tiyon injin ban ruwa, kuma ƙarfinta ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10. A aikace ma mita 7 zuwa 8 ne. Shi ya sa idan ruwan rijiyar garka ya yi ƙasa da bazara, sai manomi ya haƙa rami ya saukar da injin kusa da ruwa. Ɗalibin da ya fahimci haka zai hana mahaifinsa ɓarnar kuɗi wajen gyaran injin da lafiyarsa ƙalau.

Tsawa ma darasi ce. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa wajen mita 340. Idan aka ƙirga daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da rugugi, to abin ya faru a nisan kilomita 1 ke nan.

Randar Jigawa da madubin Yamai

Kada a ɗauka irin waɗannan ƙananan gwaje-gwaje wasan yara ne. A jihar Jigawa, maƙwabciyar Magarya da Dungas, wani malamin makaranta mai suna Muhammad Bah Abba ya duba abin da kowace uwar gida ta sani, wato ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, bushewar kuma tana janye zafi daga abin da ke ciki. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatur da yalo da alayyafo suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, ba tare da wutar lantarki ba. Wannan dabara ta sa aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Malami a Dungas zai iya nuna asalinta da kwalabe biyu da ma'aunin zafi ɗaya, a naɗe kwalba guda da jiƙaƙƙen tsumma. Idan aka yi gwajin a watan Maris, aka maimaita da damina, yara za su gano da kansu cewa busasshiyar iska ce ke sa abin ya yi aiki sosai.

Nijar kuwa tana da nata babban misali. An haifi Abdu Mumuni Jofo a Tasawa a 1929, ya yi wani sashe na karatunsa na firamare a Damagaram, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai Faransa, inda a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo ta fizik, wadda ake zaɓen manyan malamai da ita. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, ofishin binciken amfani da hasken rana a Yamai, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da na tace ruwa masu aiki da rana. Ya riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu a 1991, kuma tun 1992 jami'ar take ɗauke da sunansa. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa makaranta da aikin hannu da rayuwar jama'a. Shekara 9 bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya aza Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Malamin da ya bar ɗalibi ya bayyana abin da ya gani da Hausa, kafin a rubuta shi da Faransanci, yana bin wannan sawu ne.

Hukumomi ma sun taɓa ɗaukar batun. A 2006 gwamnatin Nijar, da taimakon hukumar JICA ta ƙasar Japan, ta fara shirin SMASSE domin ƙara wa malaman lissafi da kimiyya na kwalej da lise horo. An ɗauko tsarin daga Kenya, inda aka fara shi a 1998. Ya soma da jihohin Yamai da Doso da Tilaberi, mataki na biyu kuma, daga 2010 zuwa 2013, ya faɗaɗa zuwa sauran jihohi. Ginshiƙansa su ne a ba ɗalibi aikin yi, a mai da hankali gare shi, a yi gwaji, a kuma ƙirƙiro kayan koyarwa daga abin da ke kusa. A Faransa ma, inda ba a rasa ɗakunan gwaji ba, Jorj Sharpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 1992, ya jagoranci wani shiri a 1996 na sa yaran firamare su riƙa taɓa abu da hannunsu kafin a faɗa musu doka. Wannan ya nuna cewa hanyar ba ta talauci ba ce. Hanyar koyon kimiyya ce a ko'ina.

Sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Gwaji kaɗai ba ya isa. Idan malami ya tsaya gaban aji ya nuna abin al'ajabi, yara suka yi tafi, aka tashi, an yi kallo ne kawai. Tsarin da ke da amfani shi ne malami ya fara da tambaya, kowane rukuni na yara 5 ko 6 ya faɗi abin da yake zato, su gwada da hannunsu, su auna, su rubuta, sannan a kwatanta sakamako a fitar da doka. Zaton da bai yi daidai ba ba abin kunya ba ne, domin shi ke sa darasin ya zauna. Wajibi ne kuma a lura kada maza su mamaye kayan, ƴan mata su koma masu riƙe alƙalami. Tun da gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata a 2017, ya dace a ga alamarta har a teburin gwaji.

Haka nan gwangwani da zare ba sa maye gurbin na'urorin awo. Ma'aunin zafi, da ma'aunin ƙarfin lantarki, da sikeli, da gilashin tara haske, dole a saye su. Amma ba su da yawa, kuma akwati ɗaya mai makulli zai iya zagaya kwalejoji biyu ko uku da ke kusa da juna.

Sai kuma kiyaye lafiya. Ba a gwaji da wutar gida mai bolt 220, pil kawai. Ba a fasa tsohon batir. Ba a kunna kyandir ko ashana a rumfar zana: gobarar da ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilun 2021, da ta Maraɗi cikin Nuwambar shekarar, kowace ta ci rayukan yara 20 ko fiye. Duk darasin da ke buƙatar wuta a yi shi a fili, da bokitin ruwa a kusa.

Rabon kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu duba makarantu na iya sa haɗa kayan gwaji cikin tarurrukan da malamai ke yi na ƙara wa juna sani, ta yadda wanda ya iya zai nuna wa wanda bai iya ba. Magadan gari, idan suna tsara kasafin shekara, su tuna cewa kuɗin akwatin awo bai kai na buhunan siminti kaɗan ba. Kwamitocin COGES na iya tara kwalabe da wayoyi da matattun rediyo daga gidaje, su ware musu wurin ajiya da gara ba za ta ci ba.

Iyayen da suka yi yaƙi da jahilci suna da rabo babba, domin sun san daɗin ranar da harafi ya fara yi musu magana. Cikinsu akwai maƙera, da masu gyaran babur, da maginan tukwane, da masu haƙar rijiya. Maƙerin da ya zo aji ya nuna yadda zoben ƙarfe ke buɗewa idan ya ji wuta, ya matse idan ya huce, ya gama darasin buɗewar ƙarfe cikin minti 10. Uba kuma, ko da bai san kalmar Faransanci ko ɗaya ba, yana iya kiran ɗansa ko ƴarsa bakin rijiya da yamma, ya tambaya me ya sa guga ke yin sauƙi yana cikin ruwa, ya yi nauyi da zarar ya fito. Idan yaron ya kasa amsawa, sai ya tafi da tambayar wurin mushe da safe.